Kilo Ɗaya da Rabi

Ni ne mai faci na bakin hanyar Madarunfa,
alamata tsohuwar taya ce rataye a reshen bedi.
Sana'ata iska: in sa ta, in rage ta,
in kasa kunne ga abin da take faɗa tana fita.

Ran Lahadi, gulbin Maraɗi ya ƙafe tun bayan kaka,
yashi ya kwanta fari kamar tsaki a faifai.
Samari suka auna taki ɗari uku,
gwangwani nan, gwangwani can,
kat-kat biyu, hanci daidai da hanci.
Ba kwana, ba wayo.
Wanda ya fara isa, shi ke da baki har wata Lahadi.

Nomau ya ce, "Cika su tam, Baba Illa,
taya mai tauri ita ke gudu."
Na ce, "A kwalta, yaro. Nan gulbi ne."
Ya ce, "Kilo uku."
Mai mota ya faɗa. Na ba shi ukun.

Aka jefa hula sama.
Inji ya yi ruri, ƙafa huɗu suka haƙa rami huɗu,
mota ta zauna kamar kaza bisa ƙwai.
Ɗanjimma ya kai gwangwani, ya juyo, ya sha ruwa,
yara na tambayarmu ko rijiya muka zo gina.

Ya dawo ba kallon ido.
Na ce, "Ka taɓa ganin raƙumi ya kafe a yashi?
Tafinsa buɗewa yake in ya taka.
Jaki ne ke soka kofato, ya tsaya yana haki."

Na durƙusa, na danna ƙusa a bakin bawul,
iska ta fita da tsaki, kamar tsohuwa an taka mata shanya.
Gaba kilo ɗaya da rabi, don inji na kansu,
baya ƙasa da haka da ƙiris,
domin huɗun su yi taku ɗaya;
in gaba ta riga baya, cikin mota ne ke kokawa da kansa.
Na kuma bar wa rana rabonta,
tayar da ka auna da hantsi ba ita ce ta azahar ba.
Na duba kumatun taya sun ɗan sauko,
na ce, "Je ka. Kada ka tsoma ƙafa gaba ɗaya."

Wannan karon ba ta haƙa ba, ta hau.
Sawunta faɗi guda, zane bai goge ba,
na bi shi da ido har gwangwani ya tashi sama.
Ɗanjimma ya zo a baya da tsawon akuya biyu.

Sai na tafi la'asar.
Nomau ya zauna da lissafinsa:
in ragi kaɗan ya ba ni akuya biyu,
ragi da yawa zai ba ni garke.
Tsinken ashana ya ishe shi.

Ina tahiya na ji ƙarar.
Ta gaba ta hagu ta zame daga ƙarfenta
kamar takalmin aro a ƙafar yaro,
mota ta durƙusa, ta sumbaci gulbi.
Ba wanda ya ji rauni, sai bakin Nomau.

Yanzu dare ne. Yana riƙe mini tocila,
ina kwashe yashi daga cikin taya da gwangwanin tumatir,
tiya guda da wani abu, na auna don tsiya.
Ya ce, "To nawa ne daidai, Baba?"
Na rubuta ɗaya da rabi da gawayi a bango,
na ce, "Wannan ta yau ce.
In an yi yayyafi, zo mu goge.
Haska nan, ba fuskata ba."